Golf GTI a hannun ɗalibin Samaru: yanda miliyan 3.9 ta zama somin taɓi

Yaron ɗan ƙanwar mamana ne, yana aji uku a ABU nan Samaru, kuma ba yaron banza ba ne. Na fara da wannan ne dan duk wanda na ba labarin abu na farko da yake faɗa shi ne ai yaran yanzu ba su da lissafi. Wallahi yana da lissafi. Tun yana aji ɗaya yake gyaran waya da sa manhaja a laftof a wani ɗan shago da suka haɗa haya shi da abokinshi wajen kasuwar Samaru, shi yake biyan kuɗin ɗakinshi a Danraka, bai taɓa kiran gida ya ce a turo mishi na handawut ba. Abu ɗaya ne ya fi ƙarfinshi, son mota, kuma ba kowace mota ba, mai turbo, irin wadda in ka taka totur za ka ji bayanka ya manne da kujera.

Wajen ƙarshen 2024 aka sayar da wata gonar mahaifinsu, Allah ya jiƙanshi, aka raba gado, kasonshi ya kama miliyan 2.7. Ya haɗa da miliyan 1.1 da ya tara a shago, ya sayar da mashin ɗinshi dubu 500, kuɗi suka tashi miliyan 4.3 cif. Ba wanda ya sani a gida sai da mota ta tsaya ƙofar gidansu a Tudun Wada yara suka zagaye ta.

Volkswagen Golf GTI ce, jerin da muke ce ma Golf 5, ƙirar 2007, baƙa, 'yar Turai amma ta daɗe a ƙasar nan ta bi hannuwa. Injin lita 2.0 mai turbo, ƙarfin doki 200, giyar DSG (otomatik mai kuloci biyu), daga tsaye zuwa gudun 100 daƙiƙa 7 ko kusa da haka. A Facebook ya gan ta wajen wani dillali a Kaduna, aka sa mata miliyan 4.5, suka yi ta ja har aka sallama a 3.9. La'ada dubu 100, canjin suna da sabunta takardu da inshora wajen dubu 90 (inshorar nan ta dole ma tun Janairun 2023 ta tashi daga dubu 5 zuwa dubu 15), ya cika tanki ya kamo hanyar Zariya. Da ya iso abin da ya rage mishi bai wuce dubu 150 ba. A nan lamarin ya lalace, tun motar ba ta yi ko tari ba, duk abin da ya biyo baya rassa ne kawai.

Hujjar da ya kawo min ranar, kuma na san ita ce hujjar samari da yawa, ita ce "Yaya ai Golf ce, wane bakanike ne a Zariya bai san Golf ba?" Gaskiya ne ta wani ɓangare, je ka Kwangila ka ga Golf 3 nawa ke lodin Funtuwa da Kano, kayanta kamar a shago ɗaya ake zuba su, yaron gareji ɗan shekara 15 zai sauke maka injinta ya mayar. Amma tambarin gaba ne kawai ya haɗa su. Injin GTI ɗin nan fetur kai tsaye yake fesawa cikin silinda da matsi mai ƙarfi sosai, dan haka famfon fetur biyu gare shi, ɗaya a tanki ɗaya a kan inji wanda kamshaf (sandar da ke buɗe bawul-bawul na inji) ke turawa, ga turbo, ga burenbos, wato kwamfutar inji, da ke lissafa komai ta hanyar sensa-sensa, ga giya mai kuloci biyu da kwamfutarta a jikinta. Bakaniken da ya ƙware a Golf 3 ba raina shi nake ba, amma kunne da sifana ba sa gano ciwon wannan, sai an sa na'ura.

Bari in ɗan tsaya kan turbo ɗin kanta dan ita ce ta ja shi kuma yawancin masu son ta ba su san me take ci ba. Hayaƙin da inji ke fitarwa maimakon ya wuce salansa kai tsaye sai a bi da shi ta kan wata 'yar fanka, ya juya ta, ita kuma tana haɗe da wata fankar ta ɗaya gefen da ke danna iska cikin inji. Iska mai yawa, fetur mai yawa, ƙarfi mai yawa daga ƙaramin inji, shikenan sirrin. To sandar da ta haɗa fankokin nan biyu tana juyawa sama da sau 100,000 a minti ɗaya, cikin zafin hayaƙin da zai iya sa ƙarfe ya yi ja, kuma ba abin da ya raba ta da gogar ƙarfe sai ɗan siririn baƙin mai da ke ratsawa ta wani ƙaramin bututu. In man ya yi kauri da safe bai isa da wuri ba, ta gogu. In man jabu ne ko ya daɗe ba a juye ba, zafi ya dafa shi ya zama gawayi ya toshe bututun, ta gogu. In ka taso da gudu daga Kaduna ka tsaya ka kashe nan take ba ka bari ta ɗan huce ba, man da ya tsaya a ciki ya ƙone. Saboda haka wanda zai sayi tsohuwar mota mai turbo abin da yake saye a zahiri tarihin baƙin man da aka zuba mata ne na shekara 17, kuma tarihin nan ba wanda ya rubuta mishi shi, dillali bai sani ba, wanda ya ba dillali ma wataƙila bai sani ba.

Na tambaye shi me suka duba kafin ya biya. Ya tafi da abokinshi na shago, sun duba fenti, sun kunna AC, sun ji sautin rediyo, sun zaga da ita ta baifas ya taka ta ta amsa. Takardun kwastan ya duba, wannan kam na yaba mishi, ya haɗa lambar shasi da ta takarda sun yi daidai. Amma lokacin da suka isa an riga an tayar da motar inji da zafinshi, kuma inji mai zafi yana ɓoye abubuwa da yawa, ƙarar sarka, shuɗin hayaƙin farko, rawar da yake yi in ya kwana, duk ba za ka ji ba. Ba a sa mata na'ura ba. Ba a ɗaga ta an leƙa ƙasa ba. Ba a tambayi yaushe aka canza tayimin bel ba. Ya ce dillalin ya ce akwai wani Alhaji da zai zo da la'asar da kuɗi a hannu, shi ya sa ya yi sauri.

Makonnin farko daɗi ne zalla, ba zan ɓoye ba, ni ma na tuƙa ta daga PZ zuwa Shika kuma motar tana da daɗi, ta zauna a titi daram, kwana take sha kamar an zana mata layi, wanda ya ƙera ta ya san aikinshi. Abin da ya fara cizo fetur ne. Tankinta lita 55, a lokacin lita ta haura naira 1,000, ka ga ciko ɗaya ya wuce dubu 55. Ka tuna kafin a cire tallafi a watan Mayun 2023 lita ba ta kai 200 ba a farashin gwamnati, yawancin samarin da ke mafarkin irin motar nan da wancan lissafin suka fara mafarkin. A wancan farashin, ɗalibin da ke karɓar dubu 20 a wata ta NELFUND, asusun ba ɗalibai rance, ko rabin tankin nan ba zai cika ba, mafi ƙarancin albashi na dubu 70 kuma ciko ɗaya ne da ɗan canji. Shi yaron in makaranta na ci yana samun dubu 90 zuwa 120 a wata a shago, ciki zai ci abinci, ya tara na haya, ya sayi data. A cikin gari, da cunkoson PZ da tudun rage gudu na hanyar Samaru da ƙafar saurayi, lita ɗaya da kyar take kai shi kilomita 9. Sai ya koma sayen lita biyar, lita bakwai, wani lokacin wajen 'yan bumburutu in dare ya yi, allurar mai kullum tana kwance a ja. Famfon tanki kuwa fetur ɗin da yake nutse a ciki shi ke sanyaya shi, yawo da busasshen tanki gajarta mishi kwana ne.

Akwai kuma maganar irin fetur ɗin. Fetur yana da lambar da ke nuna juriyarshi ga matsi, okten, a murfin tankin an rubuta 98, in babu a sa 95. Namu na gidajen mai iri ɗaya ne tak, ma'aunin da aka gindaya 91, ba ka da zaɓi. Motar ba za ta ƙi tashi ba, akwai sensa da ke jin in fetur ya fara fashewa kafin lokacinshi sai burenbos ta ja baya ta rage ƙarfi dan ta kare inji, amma ma'anar haka doki 200 ɗin da ka biya kuɗi dominsu ba duka kake samu ba, musamman da rana a watan Maris da Afrilu da iskar kanta ke da zafi, kuma in ka matsa mata a haka kullum fistin ne ke shan wahalar.

Juyen mai na farko ya kai ta wani gareji kusa da su, aka zuba mata 20W-50 irin wanda ake zuba ma kowa, da filta mai araha, aka ce mishi ai zafin ƙasarmu mai kauri yake so. Wannan magana ta kashe injina da yawa a garin nan. Injin yana son cikakken sintetik, 5W-40 mai ɗauke da lambar VW 502 00 a jikin galan, lita 4.6, kuma kuɗinshi ya ninka na wancan ba sau ɗaya ba, ga jabu ya cika kasuwa sai ka san wajen wa za ka saya. Da na ji na ce a juye shi, ya ce Yaya bari wata ya ƙare. Wannan kalma ta bari wata ya ƙare ita ce ainihin rigimar ɗalibi da mota mai turbo. Kuɗin ɗalibi zuwa suke yi yau akwai gobe babu, ana hutu shago ya mutu, ana jarabawa ba ya zama, ita kuma motar lokacinta take bi ba naka ba.

Cikin hunturu, yana dawowa daga ɗaurin auren abokinsu a Kaduna da mutum huɗu a ciki, an wuce Jaji ya zo wuce wata tirela ya taka, motar ta yi kamar an riƙe ta ta baya, wutar cek injin ta kama, ƙarfi ya ɗauke yana tsakiyar wucewa. Allah ya tsare ba abin da ke binshi a baya kusa. Ya lallaɓa ya sauka gefe, daga nan sai janwe. Wannan wurin ne ya fi tayar min da hankali a duk labarin, ba kuɗin ba, 'ya'yan mutane huɗu a mota.

Bakaniken farko ya saurara ya ce fulogi ne, aka canza. Ba ta daina ba. Ya ce to famfon tanki ne, aka sayo na Beljiyam aka sa. Ta yi kwana biyu lafiya a cikin gari dan ba a taka ta ba, ana hawa titi ta maimaita. Da janwe da fulogi da famfo da kuɗin aiki dubu 130 ta tafi, wato kusan duk abin da ya rage mishi, kuma ciwon na nan. Ban ce mutumin macuci ba ne, abin da ya sani ya yi, a Golf 3 da ya yi daidai. Shi ya sa canke a irin motar nan ya fi na'ura tsada.

A nan ya kira ni. Muka kai ta wajen wani mai gyaran motocin Jamus a Kaduna da ke da na'ura, minti kaɗan lambobi biyu suka fito, P0087 wato matsin fetur ya yi ƙasa a bututun da ke ciyar da nozul, da P0299 wato turbo ba ta ba da iskar da ake nema. Ogan bai ce komai ba ya sa yaronshi ya kwance famfon da ke kan inji, ƙusoshi 3 ne ke riƙe da shi, ya zaro wani ɗan ƙarfe kamar murfin kwalba ya ɗora min a tafin hannu ya ce "Malam ga mai laifin." Kam folowa suke ce mishi. Yana zama ne tsakanin ƙullin kamshaf da sandar famfo, aikinshi ya sha gugar dan manyan su tsira, abu ne da ake dubawa lokaci-lokaci a canza, kuma duk wanda ya san injin nan ya san da shi. Nashi ya cinye har ya huje, sandar famfo ta koma tana gogar kamshaf kai tsaye, ta ci ƙullin ta ci kanta, garin ƙarfen kuma ya bi baƙin mai ya zaga inji. Abin da kuɗinshi bai kai cikon tanki ɗaya ba ya jawo kamshaf da famfo. Ba a wata biyu ya huje ba, da ciwon aka sayar mishi, man da bai dace ba ya ƙarasa. Da ranar ciniki an ba wani dubu kaɗan ya kwance ƙusoshin nan 3, aikin da bai fi rabin awa ba, ko dai a fasa ko a rage kuɗin gyaran daga farashi.

Lamba ta biyu Allah ya taimaka ba turbo ɗin ce ta mutu ba, wani bawul ne a jikinta mai roba a ciki, dabata bawul, robar ta yage iska na zurarewa. Ogan ya cire bututun shiga ya taɓa sandar turbo, wasanta kaɗan ne, ya ce za ta yi rai in an kula da mai.

Da aka buɗe kuma sai sauran suka fara fitowa. Babu tamostat, abin da ke daidaita zafin inji, an cire, an haɗa fanka kai tsaye tana tashi da makulli, ruwan lagireto ruwan famfo ne ja da tsatsa ba kulan, ruwan sanyaya inji na musamman, ba. Wannan al'ada ce a garejinmu, wai maganin obahitin, alhali injin da bai kai zafin aikinshi ba burenbos na ɗauka har yanzu safiya ce ta yi ta ƙara fetur, ga wani ɓangare na shan man da yake kuka da shi. An fasa salansa an kwashe indomi, wato matatar hayaƙin da ke ciki, an sayar tun a hannun wani. Filtar iska ta toshe da ƙurar hunturu. Tayimin bel duk ya tsattsage, kuma injin nan in bel ya tsinke yana tafiya fistin ne ke haɗuwa da bawul, bawul 16 gare shi, sai dai a sauke tof silinda. Tayoyi kuwa akwai lambobi 4 a gefen kowace da ke nuna mako da shekarar da aka yi ta, biyun gaba sun haura shekara 8, kuma a kansu yake gudun da ya wuce 100 ɗin da Rodsefti suka ƙayyade ma ƙananan motoci a babban titi.

Neman kaya ya ɗauki lokaci. Panteka an samu bel da famfon ruwa da tamostat, kamshaf babu mai kyau, aka tambaya Ƙofar Ruwa a Kano wanda aka samu shi ma ƙullin ya fara ci, sai daga Ladipo a Legas aka turo ta mota bayan an yi ta aiko hoto a WhatsApp ogan na cewa a'a. Duk wannan lokacin motar na Kaduna, shi yana Samaru yana hawa keke Napep zuwa lakca, mashin babu, ga jarabawa ta matso, rabin hankalinshi na gareji. Sakamakon samistan nan ya sauka, shi da kanshi ya faɗa min.

Kamshaf, famfo, kam folowa, bel da kayanshi, famfon ruwa, tamostat, dabata bawul, kulan, wanke kaskon mai da rariyar da ke zuƙo shi saboda garin ƙarfen nan, mai na gaske da filta, da kuɗin aiki, suka tashi dubu 850. Tayoyi biyu sabbi dubu 160, na bayan aka bar su sai an samu. Inda yawancin kuɗin suka fito ne ya fi ciwo. Dubu 400 ya cira daga jarin shago, wato kuɗin da yake sayen sikirin da batir, sai ya zama kwastoma ya kawo waya ya ce a dawo jibi dan ba kaya, wasu ba su dawo ba. Na ba shi rancen dubu 300. Inna, mahaifiyarshi, ta ɗauki kwasar adashenta dubu 250 ta ba shi ba tare da ta ce uffan ba, kuɗin da ta yi niyyar kayan ɗakin ƙanwarshi da su.

Bayan gyara motar ta dawo wata iri, ta fi ranar da ya saye ta lafiya, shan mai ya ragu, shi ma ya canza, yana duba mai kowace safiya dan injin nan yana ɗan shan baƙin mai ko yana lafiya, yana barin ta ta ɗan yi aiki kafin ya taka, yana barin ta ta huce kafin ya kashe, ya daina ba abokai aro zuwa kai amarya duk da surutun da ya sha a kan haka. Ya zauna ya karanci injin a intanet har ya fi wasu masu gareji sanin sunayen sensa. Wannan ba zan ƙwace mishi ba.

Sai giya ta fara. In an tsaya a cunkoso an saki birki sai ta ɗan yi fizga kafin ta ɗauka, wani lokacin in ta yi zafi ta yi jinkirin shiga ribas. DSG ɗin nan tana da nata man na musamman da filtarta, ana canzawa duk kilomita 60,000, ba a zuba mata man giyar otomatik na gama-gari, kuma ba wanda zai iya cewa an taɓa canza na wannan. Ogan ya ce a fara da canza man, wataƙila ta lafa, in ba ta lafa ba to mekatronik ne, wato kwamfuta da bawul-bawul ɗin da ke sarrafa kuloci biyun, kuma kuɗin wannan zai iya kamo na gyaran da aka gama. Aka canza man daga ɗan abin da shago ya kawo, fizgar ta ragu sosai amma ba ta ɓace ba.

Nan Kawu ya tara mu. Yaron ya ce shi fa ya riga ya kashe kuɗin, in ya sayar yanzu wani ne zai ci daɗin gyaran da ya yi. Kawu ya ce mishi "kai ɗan nan, kuɗin da suka tafi sun tafi, ni tambayata ɗaya ce, in ta tsaya gobe wajen wa za ka?" Bai da amsa, dan duk ƙofofin an riga an ƙwanƙwasa su, ni, Inna, shago. Ni ma sayarwa na goyi baya, kuma dalilina ba wai motar ba ta da kyau ba ne. Wanda ke da albashi tsayayye da wata motar da zai hau in wannan ta kwanta, GTI ɗin nan a yanda take bayan gyara abin so ce. Amma ga wanda ita ce ƙafarshi, kuma duk gyara sai ya ci jarin da ke ciyar da shi, kowace ƙara da ya ji a inji sai gabanshi ya faɗi, wannan ba jin daɗin mota ba ne.

Da a ce tun farko ya zo min, ba zan ce mishi kar ya sayi mota ba, kuɗinshi ne kuma gado halal ɗinshi ne. Zan ce kar farashi ya wuce kashi biyu cikin uku na abin da ke hannunshi, sauran na gyaran farko ne da ba makawa sai an yi, bel, famfon ruwa, duk wani mai da ruwa da ke cikinta, taya, ko mai sayarwa ya rantse ya canza. Da miliyan 4.3 ma'anar haka GTI ta fi ƙarfinshi, sai ya sauko kan Golf mai injin 1.6 marar turbo, ko Peugeot 406 da a da aka daɗe ana haɗawa a nan Kaduna kuma kowane lungu akwai wanda ya san ta. In kuma ya kafe sai mai turbo, to mai giyar hannu, a je da sassafe inji na sanyi, da mai na'ura wanda kai ka ɗauko shi ba wanda dillali ya kawo ba, a kwance famfon nan a gani da ido, in an hana ka kwancewa ka kama hanya.

Da damina ta sauka aka sa ta a kasuwa. Abu ɗaya na nace a kai, shi ma bai musa ba, duk wanda ya zo a faɗa mishi maganar giya. Mutum biyu suna ji suka juya. Wanda ya saya wani ma'aikaci ne a Kaduna da ya taɓa riƙe irinta, ya zo da mai na'urarshi, ya duba rasit ɗin kayan da aka sa ɗaya bayan ɗaya, ya tuƙa ta cikin cunkoson Sabon Gari da gangan dan ya ji fizgar, ya rage kuɗin mekatronik daga abin da aka nema, aka daidaita a miliyan 4.1, ba dillali a tsakani. In ka haɗa saye da la'ada da takardu da gyare-gyare motar ta ci sama da miliyan 5.2 ban da fetur, ka ga asarar ta haura miliyan 1 cikin ƙasa da shekara. Ya fara da mayar ma Inna dubu 250 ɗinta, sannan nawa, ya mayar da dubu 400 shago, ya sayi mashin na hannu dubu 700. Abin da ya rage miliyan 2.45, bai kai kason gadon da aka ba shi ba, yana wajen Kawu har ya gama aji huɗu.